Wasan Matilda ya rufe a Norwich, yaran nan kuma fa?

Maman Hafsat:
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da Sallah, da fatan an ci nama lafiya. Dan Allah akwai wanda ya samu zuwa kallon Matilda kafin su rufe? Jiya Asabar 17 ga Agusta 2019 suka yi na ƙarshe a gidan wasa na Theatre Royal nan Norwich ta Ingila, daga nan kuma zagayen ya ƙare gaba ɗaya, tun Maris ɗin 2018 suke yawo da shi gari gari, daga Leicester suka faro. Mu wasan rana muka shiga ni da Hafsat. Ga waɗanda ba su san shi ba, wasan daɓe ne da ake haɗa magana da waƙa da rawa, makaɗa na nan suna kiɗan kai tsaye, ba faifai ake sakawa ba. Labarin wata yarinya ce mai son karatu kamar me, iyayenta ba ruwansu da ita sai talabijin da neman kuɗi, ga kuma shugabar makarantarsu muguwa. Daga littafin Roald Dahl na 1988 aka ɗauko shi.

To ni abin da ya tsaya min a rai yaran ne. Wadda ta fito a Matilda 'yar mitsitsiya ce wallahi, ban jin ta wuce shekara goma, ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar dandamali gaban mutum sama da dubu tana ba matar laburare labari mai tsawo, ba takarda a hannu, ba mai raɗa mata, gidan ya yi tsit kowa na saurare. Har Rashanci ta yi a ƙarshen wasan. Da aka zo gaisuwar ƙarshe suka fito a kan 'yan kekunan nan da ake turawa da ƙafa, daga inda muke ina hango wasu a cikinsu suna dariya idonsu kuma ya kawo ruwa. Tun jiya nake tunanin yaro ya saba kullum a tafa masa, yau an naɗe kaya an loda a mota, me zai ji?

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam Maman Hafsat, barka da Sallah. Mu mun gani lokacin da suka zo gidan wasa na Alhambra nan Bradford wajen watan Maris. Maganar iyawa kam ba musu, yaran sun iya. Amma ni tun a lokacin abin bai kwanta min ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan aiki ne. Manya sun zuba jari, suna sayar da tikiti da tsada, kuma abin da ke jawo mutane shi ne ƙananan yaran. Yaro ɗan shekara tara goma yana wani gari da ba nasu ba cikin hunturu, bai kwana gaban uwarsa ba, ƙarfe goman dare yana kan dandamali yana tsalle. A gida in muka ga yarinya da farantin talla da daddare cewa muke an cuce ta, to don wannan an kunna masa fitilu masu launi sai ya zama wani abu daban?

Malam Habu:
Baban Khalil tambayarka a kan hanya take, amma bari in ɗan yi bayani tunda ina koyarwa a firamare nan Birmingham kuma takardun irin wannan suna biyowa ta makaranta. A Ingila yaron da bai gama shekarun karatun dole ba ba ya hawa dandamalin da ake karɓar kuɗi na tsawon lokaci haka sai da lasisi, kuma ƙaramar hukumar garin da yaron yake zaune ita ke bayarwa. Asalin dokar tun 1963 take, sai aka sabunta ƙa'idojin a 2014. Yaro mai shekara tara zuwa sama ba zai wuce awa tara da rabi a wurin ba a rana ɗaya, a ciki kuma wasa da gwaji duka kada su wuce awa biyar, ba zai yi fiye da awa biyu da rabi a jere ba hutu ba. Ƙarfe 11 na dare dole ya bar wurin, tsakanin tashinsa da dawowarsa washegari sai an samu awa 12. Kwana shida a jere shi ne iyaka. Sannan akwai mai kula da yara wadda hukuma ta tantance, duk inda suka sa ƙafa tana tare da su, daga ɗakin sa kaya har bakin labule, mutum ɗaya ba zai riƙe fiye da yara 12 ba. Karatu kuma in yaro zai rasa makaranta dole a sama masa malami, lissafin awa uku ne a kowace ranar makaranta.

Shi ya sa ba yarinya ɗaya ke yin Matilda ba, karɓa-karɓa suke yi, yawanci su huɗu ne, sauran yaran ajin ma rukuni rukuni ne. Wadda Maman Hafsat ta gani da rana da wuya a ce ita ce ta yi na dare. Kuma ku lura, 'yan manyan aji ɗin nan masu tsorata sababbin ɗalibai a bakin get, manya ne suka sa kayan makaranta.

Baban Khalil:
Na gode Malam, na ƙaru. Amma doka lissafin awa take yi, ba ta lissafin kewar gida.

Anti Bilki:
Baban Khalil kewar gida kam akwai, wannan ba mai musa maka. Sai dai ni 'yata tana zuwa ajin wasan kwaikwayo ranar Asabar nan Manchester, ina zama da iyayen da 'ya'yansu ke zuwa gwajin ɗauka, kuma abin da na gani da idona yaran ne ke jan iyayen, su ne ke kuka in an ce ba za a je ba. Ba na ce babu iyaye masu tura yaro don a san su ba, akwai, a ko'ina akwai su. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne wanda Maman Hafsat ta taɓo. Aikin nan da tsawo ake auna shi, a zahiri fa, da ma'auni a jikin bango. Akwai iyakar tsayin da ake so, don dole yaro ya fito ƙarami a gefen manya, namiji kuma muryarsa kada ta fara buɗewa. Yarinya za ta iya haddace komai, ta fi kowa iyawa, amma ta ƙara 'yan santimita a wata shida shikenan an wuce wurin, kuma ba abin da ta yi, girma ne kawai Allah ya kawo. Don haka ko zagayen bai ƙare ba su nasu yana ƙarewa, ana canja yara lokaci lokaci. Waɗanda kika gani a Norwich Maman Hafsat da yawansu ba su ne suka buɗe a Leicester ba.

Maman Hafsat:
Allah sarki. Anti wannan maganar ta tsayi ta taɓa ni sosai. Akwai waƙar da suke yi a kan lilo bayan hutun rabin lokaci, igiyoyi dogaye daga can sama, yaran su taho da gudu su faɗa kan lilon da ciki su miƙe hannu, lilon ya yo gaba har saman kawunan 'yan layin farko, kuma waƙar gaba ɗaya a kan abin da yaro ke burin yi ne in ya girma. Can sai manyan su karɓi lilon yaran su koma gefe. Matar da ke kusa da ni, Baturiya dattijuwa, tun daga nan take share hawaye.

Basakkwace:
Assalamu alaikum. Ni na dare na shiga Maman Hafsat, wanda daga shi babu wani. Karatu nike nan jami'ar UEA ta Norwich, abokan kwas ɗina sunka ja ni, can sama munka zauna inda tikiti ya hi sauƙi. Abin da ni lura da shi, ɗiyan nan ba su yi sanyi ba don ana rufewa, ƙarhi ma sunka ƙara. Wurin da shugabar makaranta ta tilasta ma yaron nan cinye kek ɗin cakulan gaba ɗai don horo, yaro ya duƙa yana ci yana ci, 'yan ajin na ba shi ƙarhin gwiwa, da ya gama ya ɗaga hannu sama gidan ya ɗauka baki ɗai kamar an ci ƙwallo. Kuma waƙar ƙarshe da sunka hau kan teburan aji suna buga ƙafa, har sama muna jin bugun. Da anka gama mutane sunka miƙe tsaye, an daɗe ana tafi. Da munka hito ta gefen gidan na ga iyaye tsaye da furanni suna jiran ɗiyansu, wata uwa riƙe da rigar sanyin ɗanta a hannu.

Hajiya Yaya:
To ni ina Kano ina karanta ku, ban ga wasan ba kuma ba zan gani ba, amma jikokina suna can wurinku don haka da ni za a yi maganar. Ku dakata. Yara sun hau teburi suna buga ƙafa a gaban shugabar makaranta, shi ne abin tafi? Maman Hafsat 'yata, abin da kika kai yarinya ta gani kenan a satin Sallah? Jikata ta taɓa ba ni labarin littafin nan, ta ce yarinyar har gam ta shafa wa hular ubanta ta manne masa a kai. Uba fa. Ko me ya yi mata ubanta ne. Ku kuna ta lissafin awa nawa yaran suka yi aiki, ni abin da aka sa a bakinsu suke maimaitawa dare da rana shi ne damuwata, yaron da ya shekara yana rera waƙar bijirewa manya ya za a yi ya koma gida a ce masa tashi ka ɗauko min ruwa ya tashi?

Maman Hafsat:
Hajiya Allah ya ƙara girma, wallahi na fahimce ki, kuma maganar hular gaskiya ce tana ciki, har gashinsa ta mayar masa kore. Ni ma a wurin sai da na kalli Hafsat. Amma Hajiya shugabar makarantar nan ba horo take ba, zalunci ne tsagwaronsa, ta kama yarinya ta kitso ta wulwula ta ta jefar, tana da wani ɗan akurki mai ƙusoshi da take kulle yara a ciki. Uban kuma ɗan damfara ne mai sayar da ruɓaɓɓun motoci, ya yaga mata littafin laburare a gabanta, ko yarda cewa mace ce ba ya yi, yaro yake ce mata. A hanyar gida mun yi maganar da Hafsat, na ce mata abin da aka yi wa uban ba abin koyi ba ne, ta ce ta sani Mama, amma me ya sa ba wanda ya hana shugabar tun farko sai da yara suka tashi? Ban da amsar da ta gamsar da ni kaina Hajiya.

Hajiya Yaya:
Amsar ita ce manyan wurin sun gaza, sai ki gaya mata haka. Amma gazawar manya ba ta ba yaro lasisin raina uba. Na ji daɗi dai da kika zauna da ita kuka yi magana, kada ki bar ta da abin da ta gani ita kaɗai. Allah ya shirya mana su.

Malam Habu:
Amin Hajiya. Abu ɗaya zan ƙara a kan tsoronki na cewa yaron zai koma gida ya ƙi jin magana. Yaron da ke cikin irin wannan wasa ba ya taka ko'ina sai inda aka ce ya taka. Ku tuna waƙar bakin get, inda ake cusa tubalan haruffa ɗaya bayan ɗaya daga A har Z a jikin ƙarfen get ɗin, mutum biyu suna hawa suna taka kowane tubali daidai lokacin da ya fito, in aka yi jinkirin daƙiƙa ɗaya wani zai taka iska. Haka wasan yake daga farko har ƙarshe, lilo na tafiya, tebura na motsi, yaro ya kauce daga alamarsa ya ji ciwo ko ya ji wa wani. Makonni ake yi ana gwaji kafin a bar su su fito. Waƙar tawaye suke rerawa amma ni a ajina ban da ɗalibin da ke bin umarni kamar yadda waɗannan ke bi.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira, ina biye da ku daga Faransa. Tambaya guda ce ba wanda ya yi, kuɗin fa, wa ke ci? Nan Faransa yaron da bai kai shekara 16 ba in ya yi fim ko wasan dandamali, kaso kaɗan ake ba iyaye, sauran a zuba a asusun hukuma da ake kira Caisse des Dépôts, ba mai taɓawa sai yaron ya kai shekara 18. A Amurka ma jihar Kalifoniya tana da dokar Coogan tun 1939, sunan wani yaro ne Jackie Coogan da ya yi fim da Charlie Chaplin, ya tara dukiya yana ƙarami, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye kusan duka, ya kai su kotu. Yanzu can kashi 15 cikin ɗari dole a ajiye wa yaro a asusun da aka kulle. Ni a ganina nan ne ake gane ko don yaron ake yi ko don aljihun wani.

Malam Habu:
A Ingila ƙaramar hukumar da ta ba da lasisin tana da ikon sa sharaɗi a kan yadda za a yi da kuɗin yaron, yana cikin ƙa'idojin 2014 ɗin.

Baban Khalil:
Tana da iko daban, dole daban Malam. Ka ga inda nake nufi kenan. Ɗan Damagaram ka taɓo wurin. Kuma ko an ajiye kuɗin, ni har yanzu ranar Litinin nake tunani. Farkon Satumba za a koma makaranta, yarinyar da mutum dubu suka miƙe wa tsaye za ta zauna a aji ta ɗaga hannu ta nemi izinin zuwa bayi, 'yan ajin wasu ma ba su san inda ta je ba, wasu kuma su sa ta a gaba da tsokana. Babba ma in aiki ya ƙare masa rana ɗaya sai ya yi jinya balle yaro. Wace doka ce ta ce a bi ta gida bayan wata biyu a ga halin da take ciki?

Anti Bilki:
Wannan kam sai iyaye Baban Khalil, ba hukumar da za ta yi maka shi. Kuma na ga iri biyu. Akwai uwar da in an gama sai ta shiga neman wani gwajin tun yaro bai huta ba, wannan ita ke kashe yaro. Akwai kuma wata da na sani, ɗanta ya yi wani wasan daban na 'yan watanni, da aka gama ta mayar da shi ƙungiyar ƙwallon unguwa da wanke-wanken gida kamar kowa, ta ce ya yi kewa sosai makonnin farko, abokan wasan ya fi nema ba tafin ba, don sun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, tare suke ci tare suke karatu tare ake musu faɗa. Sai ta riƙa haɗa su waya da ziyara. Yanzu yana sakandare abinsa, ya ce likitan dabbobi zai zama.

Kuma kada mu ɗauka abin wasa ne a wurin masu sana'ar. A 2012 wasan nan ya ci kyautar Olivier bakwai a Landan, wato babbar kyautar wasan daɓe ta can, ba a taɓa cin haka ba kafin lokacin, kuma kyautar gwarzuwar 'yar wasa yara huɗun da suka fara yin Matilda aka ba su tare, ƙaramarsu shekararta 10. Da manyan mata suka kara suka ci.

Basakkwace:
Anti gaskiya ta, abokan su na abin kewa. Da sunka gama gaisuwa ana sauke haske na ga yara biyu sun riƙe hannun juna gam suna hita, ba su ko dubi wajen masu tafi ba.

Maman Hafsat:
To ga inda maganar ta zo min gida, tun da safe Hafsat ke bina wai in sa ta ajin wasan kwaikwayo. Shekararta takwas, a makaranta ko magana ba ta iya yi a gaban aji, malamarta kullum ƙorafinta kenan, yau ita ce ke tsaye a falo tana ba ƙaninta labari da hannu da ƙafa. Ni ban da burin ta hau wani babban dandamali wallahi, bakin nan nake so ya buɗe. Babanta ya ce zai yi tunani.

Hajiya Yaya:
Sai abin da ubanta ya ce. In ya yarda, ki je da kanki ki zauna ki ga me ake koya musu da irin kayan da ake sa musu, kuma kada ya ci lokacin Islamiyya. In ya ƙi, ki sa ta tana karanta wa ƙaninta littafi da ƙarfi kullum bayan Magariba, bakin zai buɗe.

Malam Habu:
Maman Hafsat ajin Asabar na koyo ne kawai, ba ya buƙatar lasisi, sai in za su fito wasan da ake sayar da tikiti, a nan ma masu shiryawa ne ke nema ba ke ba, ke dai za ki cike naki ɓangaren ki sa hannu. Kafin ki biya kuɗin zango ki tambaye su ko malaman suna da takardar DBS, wato binciken da ake yi wa duk mai aiki da yara, ki kuma tambaya ko ana barin iyaye su zauna a darasin farko. Ki fara tambayar makarantarsu ma, da yawa suna da kulob ɗin wasan kwaikwayo bayan an tashi, wani kyauta wani kuɗi kaɗan. Wanda kuma bai samu ganin na zagayen ba, akwai na Landan da aka buɗe a Cambridge Theatre tun 2011.

Baban Khalil:
Ajin Asabar ba ni da ja a kai, ko Khalil zan iya sawa. Amma Anti Bilki ranar da aka ce 'yarki ta ci gwaji, za ta bi su Dublin da Edinburgh da Cardiff wata da watanni, tsakani da Allah za ki sa hannu?

Anti Bilki:
Tsakani da Allah in a Manchester ne tana kwana a ɗakinta zan sa. Na yawo kuwa sai in da ni za a tafi, kuma ina da ƙananan yara biyu a gida da aikin asibiti, don haka a'a.